Waiwaye Adon Tafiya: Lambar da ke kan wutsiyar jirgi

Duk falken da ya taɓa sayen raƙumi a kasuwar Agadas ko ta Abalak ya san cewa kafin a shiga maganar kuɗi sai an duba lalas ɗin da ke jikin dabbar, domin shi ke faɗin gidan da ta fito. Haka nan mai shigo da mota daga Kwatano ya san ƴan duwan ba ruwansu da ƙyallin fenti, lambar da aka buga a jikin shasi suke nema, su gwada ta da abin da ke rubuce cikin takarda. To, akwai waɗansu mutane a Turai da Amurka da suka mai da irin wannan bin diddigi sana'arsu, sai dai su a kan tsofaffin jiragen saman yaƙi suke yin sa. In aka tsinci ɓaraguzan jirgi a daji, ko a ƙarƙashin teku, ko a tsakiyar hamada, su ake kira su faɗi irinsa, da masana'antar da ta ƙera shi, da rundunar da ya yi wa aiki, da sunayen waɗanda suka shige shi ran tafiyarsa ta ƙarshe. A wannan mako filin nan zai ɗauki jirgi guda da ya kwanta shekara 15 cikin hamadar Libiya ba wanda ya san da shi, domin mai karatu ya ga yadda ake wannan aiki, ya kuma ga abin da ke tafiya a banza in aka yi sakaci da shi.

A watan Nuwamba na 1958 waɗansu Turawan Ingila masu neman man fetur suna shawagi a kudu maso gabashin Libiya, sai suka hango wani babban jirgi kwance a kan tsakuwa, a wurin da ba rijiya, ba hanyar ayari. Suka sa alama a taswira, suka ba da labari, amma hukumomin sojan Amurka ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, don a cikin takardunsu babu wani jirgi da aka rubuta ya ɓata a wannan yanki. Sai ran 27 ga Fabrairu 1959 wata ƙungiyar masu awon ƙasa ta isa wurin da mota. Abin da suka tarar ya ba su mamaki. Jirgin ya karye biyu daga bayan fukafukai, amma busasshiyar iskar hamada ta hana tsatsa cin sa. Rediyonsa na iya aiki, waɗansu bindigoginsa na iya tashi, akwai ruwa da abinci a ciki. Babu gawa ko ɗaya, babu kuma laimomin da sojan sama ke dira da su. Wato mutanen sun fice tun jirgin na sama, shi kuwa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai har ya sauka da kansa.

Matakin farko a wannan aiki shi ne duban sura, kamar yadda makiyayi ke bambanta saniyar Azawak da ta Bororo tun daga nesa. Mai bincike kan ƙirga injuna, ya duba inda fiffike ya haɗu da gangar jiki, ya dubi wutsiya, ya dubi ƙafafu. Wannan jirgi injunansa huɗu ne, irin masu zagayayyen kai da iska ke sanyayawa. Fukafukansa dogaye ne sirara, faɗinsu daga wannan baki zuwa wancan ya haura mita 33, kuma a kafaɗar jirgin aka dasa su. Cikinsa mai zurfi ne, wutsiyarsa na da alluna biyu masu siffar ƙwai, yana kuma da ƙafa a ƙarƙashin hanci. A zamanin yaƙin Hitila manyan jiragen zuba boma-bomai masu inji huɗu ba su da yawa, saboda haka tankaɗen bai da wuya. B-17 na Amurka allon wutsiyarsa guda ne, fiffikensa a ƙasa yake. Lancaster na Ingila alluna biyu gare shi, amma ƙaramar ƙafarsa a baya take, ƙarƙashin wutsiya. Wanda ya haɗa dukkan siffofin nan shi ne B-24, wanda ake wa laƙabi da Liberator. Hancinsa kuma ya ƙara bayani: na gilashi ne gaba ɗaya, babu ɗakin bindiga mai juyawa a gaba, alamar samfurin farko-farko ne da ake kira B-24D, don waɗanda suka biyo baya an sa musu wannan ɗaki.

Sai dai Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. An ƙera B-24 fiye da dubu 18 a masana'antu biyar na Amurka, har da ta kamfanin motoci na Ford. Sanin iri kaɗai bai fi a ce wa mai cigiya an ga wata farar Peugeot a hanyar Ƙonni ba.

Mataki na biyu shi ne fenti da tambura. Kowace ƙasa da tambarinta. Na Ingila zobba ne, ja a tsakiya, fari, shuɗi a waje. Na Faransa an juya su, shuɗi a tsakiya, ja a waje, sojan Janar de Gaulle kuma suka ƙara gicciyen Lorraine don a bambanta su da na Vichy. Na Jamus baƙin gicciye ne. Na Amurka farin tauraro ne cikin shuɗin da'ira, kuma shi yana ma faɗin lokaci: da akwai jan ɗigo a tsakiyar tauraron, aka cire shi a watan Mayu 1942 don kada a rikita shi da jar ranar Japan, a watan Yuni 1943 kuma aka ƙara masa fararen sanduna dama da hagu. Jirgin hamadar nan fentin launin rairayi gare shi, irin na rundunonin da suka yi yaƙi a arewacin Afirka. A hancinsa an rubuta 64 da manyan baƙaƙe, a gefe guda kuma sunan da aka raɗa masa, Lady Be Good.

Masu wannan sana'a ba su cika amincewa da fenti ba, kuma suna da hujja. Lamba irin ta 64 runduna ce ke ba da ita don saukin kira, in jirgi ya hallaka sai a ba wani sabo ita. Sunan da soja ke zanawa a hanci ba ya shiga rajistar hukuma, jirage da dama kan ci suna ɗaya. Fenti kan dushe, a kan kuma shafe shi a sake wani in jirgi ya sauya runduna. Abin da ba ya sauyawa tun daga masana'anta har kabari shi ne lambar rajista, wadda ake rubutawa a wutsiya da gefen hanci, tare da ƙananan faranta na ƙarfe da ake bugawa a cikin jirgi. Ta wannan jirgi ita ce 41-24301. Ma'aikatan baitulmali za su gane tsarinta nan take: 41 ɗin nan shekarar kasafin kuɗin da aka ware don sayen jirgin ce, ba shekarar ƙira ba, don shi wannan sai a 1942 aka gama shi a masana'antar kamfanin Consolidated da ke San Diego. Sauran alƙaluman kuma layinsa ne cikin jiragen da aka yi oda a wannan kasafi. A wutsiya a kan yar da alƙalamin farko, a rubuta 124301, kuma wanda bai san wannan al'ada ba sai ya yi ta neman lambar da babu ita. Injuna ma suna da nasu lambobi, amma shaidarsu ba ta kai ta gangar jiki ba, tun da a kan sauke inji a ɗora wani kamar yadda ake yi wa tsohuwar babbar mota.

Lamba ita kaɗai bebiya ce, sai an kai ta gaban takarda take buɗe baki, wannan kuwa shi ne mataki na uku kuma mafi wuya. Sojan saman Amurka sun buɗe wa kowane jirgi kati guda, inda akawu ke rubuta ranar da aka karɓe shi, da kowane sansani da aka tura shi, da ranar da aka soke sunansa. Kofen waɗannan katuna na ajiye a sansanin Maxwell da ke jihar Alabama. Ingila ma tana da irin wannan kati, ana samun sa a gidan tarihin sojan sama da ke Hendon, ga kuma littafin aikin yau da kullum na kowace runduna a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew, inda aka rubuta wane ya tashi da wane jirgi, ƙarfe nawa, ya dawo ko bai dawo ba. Na Faransa suna Vincennes. Waɗanda suka cika takardun nan ƙananan akawuna ne da ke zaune cikin tanti, ƙura na shiga musu idanu, ba su taɓa zaton wani zai buɗe su bayan yaƙi ba.

Da aka kai lamba 41-24301 gaban takarda, ga abin da ta faɗa. Jirgin na ƙaramar runduna ta 514 ne, cikin babbar runduna ta 376, wadda ke da sansani a Suluk, kudu da Bangazi. A ƙarshen watan Maris 1943 ya iso. Ran 4 ga Afrilu aka sa shi cikin jirage 25 da za su kai hari tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Mutum tara ne a ciki, ƙarƙashin Laftana William Hatton, kuma wannan ita ce fitarsu ta farko zuwa fagen daga. Abin da rajista ta rufe da shi shi ne cewa jirgin bai dawo ba, ana kuma zaton ya faɗa Bahar Rum. A can aka neme shi, a can iyaye da matan aure suka ɗauka ƴaƴansu da mazansu suke. Ga shi kuma an same shi kilomita 710 daga sansaninsa, ta wajen kudu, inda ba abin da ya kai shi.

Haɗa shaidar takarda da ta ƙarfe ita ta warware wannan ƙulli. Ranar da suka tashi guguwar rairayi ta turnuƙe filin, jirage da dama suka juyo saboda ƙasa ta shiga injuna. Lady Be Good na cikin na ƙarshen tashi, bai kuma sami haɗuwa da ƴan uwansa ba. A kan hanyar dawowa shi kaɗai ne cikin dare. Jim kaɗan bayan sha biyu Hatton ya yi kira ta rediyo ya ce na'urarsa ta gane hanya ba ta aiki, a faɗa masa inda yake. Tashar Benina ta auna muryarsa ta ba shi digiri 330. An ce matambayi ba ya ɓata, amma na'urar awon ta wancan zamani tana da aibi guda: takan nuna layin da murya ta biyo, ba ta iya faɗin ta wane gefen layin ta fito. Kamar a ce wa mutumin da ke tsaye a Tasawa motarsa na kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ba a ce masa gabas take ko yamma ba. Su sun ɗauka har yanzu suna kan teku, gida na gabansu, alhali iska ta turo su da sauri fiye da lissafinsu. Mutanen sansani sun ji ƙugin jirgi ya wuce ta sama, sun harba wutar alama, na sama ba su gani ba. Da dare kuwa shimfiɗaɗɗiyar hamada da teku kusan kamarsu ɗaya ga wanda ke kallo daga sama. Suka yi ta nausawa kudu har wajen ƙarfe biyu na dare, mai ya ƙare, injuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Suka dira da laima sanye da rigunan da ke hana nutsewa, suna jiran su ji sanyin ruwa, sai ƙafafunsu suka taka tsakuwa.

Sauran labarin sawu ne ya ba da shi. Daga watan Mayu 1959 sojan Amurka na sansanin Wheelus da ke kusa da Tarabulus suka shiga neman mutanen. Arewa da jirgin suka riƙa samun takalma da ƙyallayen laima an danne su da duwatsu, an jera su kamar kibiya, duk suna nuna arewa maso yamma. Watanni aka yi ana bi har sawun ya shige cikin manyan tuddan rairayi na Kalanshiyo, aka haƙura. Sai a watan Fabrairu 1960 waɗansu masu neman mai suka yi kiciɓis da gawarwaki biyar wuri guda, har da ta Hatton. A aljihun mataimakinsa, Robert Toner, aka sami ɗan littafin da yake rubuta abin da ya same su kowace rana. Daga nan aka san cewa takwas ne suka haɗu bayan dirar, gora guda ce gare su, ita ma rabi, kowa na samun cikin murfinta a yini. Da wannan ruwa suka yi tafiyar wajen kilomita 130 cikin kwana biyar, suna zaton teku na kusa. Biyar suka kasa, uku suka ci gaba don neman taimako. Rubutun Toner ya tsaya ran 12 ga Afrilu. A watan Mayu 1960 aka sami biyu daga cikin ukun, Guy Shelley da Harold Ripslinger, sun ƙara gomman kilomitoci a gaba. A watan Agusta aka sami na tara, John Woravka, wanda laimarsa ba ta buɗe sosai ba, ya mutu tun daren farko. Vernon Moore kaɗai hamada ta riƙe. Abin takaici, jirgin da suka baro yana kwance kilomita 26 kacal kudu da inda suka dira, da ruwansa da rediyonsa. Ba su da hanyar sani, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan shekara 17 iyalai takwas suka karɓi gawarwakin mutanensu suka binne, aka kuma gyara abin da rajista ta rubuta bisa zato. Alƙaluma bakwai da ke jikin ƙarfe, da katin da wani akawu ya cika da kyau, su suka buɗe wannan hanya.

Ba kowane jirgi ke samun wannan sa'a ba. A 2012 wani ma'aikacin kamfanin neman mai ɗan ƙasar Folan ya tsinci ƙaramin jirgin yaƙi mai inji guda, irin da ake kira Kittyhawk, a hamadar yammacin Masar. Baƙaƙen HS da ke gefensa suka nuna runduna ta 260 ta sojan saman Ingila, lambarsa ET574 kuma ta kai masu bincike ga Sarjan Dennis Copping, mai shekara 24, wanda ya tashi ran 28 ga Yuni 1942 zai kai jirgin wurin gyara, ya saki hanya, ba a sake ganin sa ba. A gefen jirgin an ga alamar ya yi rumfa da laimarsa, ya kuma fiddo rediyo yana ƙoƙarin tayar da ita. Shekara 70 hamada ta adana wannan wuri kamar an kulle ɗaki, amma da labari ya bazu, cikin ƴan watanni masu tsince-tsince suka farfasa gilasai suka kwashe abin da hannu ke iya ɗauka. Daga baya aka kai jirgin gidan tarihin El Alamein, aka shafe shi da sabon fenti, har aka zana masa bakin kifi mai haƙora wanda ba a same shi da shi ba, don wannan ado da wata runduna daban, ta 112, aka san shi. Wanda ya je kallo ya dogara da fenti zai koma gida da labarin wani jirgi daban. Shi ma Lady Be Good masu neman abin tunawa sun yi ta yagar sa shekara da shekaru, har a 1994 hukumomin Libiya suka kwashe abin da ya rage suka kai Tubruk.

Mai karatu na iya cewa wannan duk labarin nesa ne. Bai kai nisan da ake zato ba. Da yaƙi ya toshe hanyar Bahar Rum, daga watan Satumba 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a harhaɗa su a can, sannan su tashi ayari-ayari, jirgi mai inji biyu na gaba a matsayin madugu. Zangonsu Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ta koma Njamena, sannan Janaina, Fashir, Hartum har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita dubu 6. Jirage fiye da dubu 5 suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943, Amurkawa ma suka riƙa ratsawa ta Kano da nasu manyan jirage. Hanyar ta yiwu ne don Cadi ta bi de Gaulle tun watan Agusta 1940 ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ita kuwa Nijar tana hannun Vichy har ƙarshen 1942, shi ya sa ayarin ke bi ta kudu da iyakarta. Ba duk wanda ya tashi daga Takoradi ya isa Masar ba. Hazo da ƙarewar mai da ɓatan hanya sun kayar da waɗansu a dazuzzukan da fataken ƙasar Hausa ke ratsawa tun kaka da kakanni, direbobin Agadas da Dirku kuwa sun san Sahara ba ta rasa tsohon ƙarfe.

Saboda haka akwai magana biyu a nan. Ta farko ga matafiya da masu sayen tsofaffin ƙarafa. Goran ruwan jirgi kan zama tukunya ko cokali, kuma ba wanda zai zargi talaka don ya ga abin amfani a daji. Amma ɗan farantin da ke ɗauke da lamba nauyinsa bai kai na dala goma ba a sikeli, alhali shi ne sunan jirgin da na mutanen cikinsa. Wanda Allah ya haɗa da irin wannan kufai, ya kwafi duk lamba da baƙin da ya gani yadda suke, ya ɗauki hoto in da hali, ya lura da wurin, ya sanar da jandarmomi ko hukuma mafi kusa. Kada kuma ya taɓa harsashi ko bam, don tsufa ba ya kashe musu dafi. Ta biyu ga ma'aikata. Rajistar da ake cikawa da gyangyaɗi ran Alhamis da yamma, da tsofaffin fayilolin da aka jibge a bayan biro gara na ci, ba a san ranar da wani zai zo neman layi guda a cikinsu ba, ko don gado, ko don fansho, ko don kabarin uba. Akawun da ya rubuta 41-24301 daidai, bai juya alƙalami ko ɗaya ba, ya yi wa gidaje takwas aikin da bai taɓa sanin ya yi ba.

Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.